Ofishin cika takardu na Adum: ya samo mana lasisi, kuɗin gwamnati kuwa har yau shiru

Tun da muka rataye lasisin ƙungiyarmu ta taimakon marayu a bangon ɗakin taro a Aboabo, cikin Kumasi ta Ghana, mata uku daga ƙungiyoyi daban-daban suka tare ni da tambaya iri ɗaya: wa ya yi muku takardu, nawa ya karɓa, kuma kuɗin gwamnatin sun fara shigowa? Ta ƙarshen a gidan suna ta ritsa ni a Sawaba, ina riƙe da kwanon waina, ga makaɗa sun cika kunne. Na ce mata, Yaya, ki yi haƙuri, zancen ya fi ƙarfin tsayuwa, zan rubuta ki karanta a natse. Sunan ofishin dai ba zan kama ba, don abin da zan faɗa akwai zaƙi akwai ɗaci, mutumin kuma da iyalinsa.

Mu da susu muka fara a 2014, wato adashi, mu 23, kowace Juma'a bayan la'asar. Da mijin ɗaya daga cikinmu ya rasu a hatsarin mota a hanyar Techiman ya bar mata yara biyar, sai muka fara ware wani abu a gefe. Yau marayu 41 ne a littafinmu. Muna ɗinka musu yunifom, mu sabunta katin inshorar lafiya, mu kai shinkafa da sukari da azumi. Wanda ya ci jarrabawar shiga babbar sakandare, karatun dai kyauta ne tun 2017, amma katifa da bokiti da akwatin gari da shito ba gwamnati ke saye ba, mu ne. Ni ce sakatariya, ba don na fi kowa ba, sai don ni ce malamar makaranta, alƙalami bai yi mini nauyi ba.

Shekara takwas ba mu da takarda ko guda, ba kuma wanda ya tambaye mu. Ɗan Hajiya shugabarmu da ke Hambug ta Jamus ne ya tayar da zancen. Ya ce 'yan masallacinsu sun yarda su taimaka, amma ba za su tura kuɗi a MoMo, wato asusun waya, na mutum ɗaya ba, sai asusun banki da sunan ƙungiya. Muka je banki aka ce ina takardar rajista. A makon nan kuma asambiliman ɗinmu, wato kansilan unguwarmu, ya ce mana, Hajiyoyi, ko kobo na hukuma ba ya shiga hannun ƙungiyar da hukuma ba ta san da zamanta ba. Haka muka doshi Adum, a tsakiyar Kumasi, bayan ƙaramar salla ta 2022, ni da Hajiya da ma'ajiyarmu.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a bene na biyu, a saman wani shagon wayoyi. Matakalar ta sa Hajiya hutawa sau biyu. Kwamfuta biyu, firinta ɗaya, fanka mai kuka, da benci. Mutum uku ne ke aiki: mai ofishin, dattijo mai furfura a gemu wanda ke jin Twi da Turanci da Hausar Zongo, sai wata yarinya mai buga takardu, sai yaron aike. Ya yanka mana sidi 3,500 ladan aikinsa, ban da abin da za a biya hukuma. Hajiya ta taya, ya ƙi ragi, ya dai ce a biya kashi biyu.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai ɓoye mana hanya ba. Ya ɗauki farar takarda ya zana ƙofofi uku. Ta farko Ofishin Magatakardan Kamfanoni, inda za a yi mana rajista a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2019, mai lamba 992, a matsayin kamfanin da ba shi da hannun jari, mambobinsa ne ke tsaya masa lamuni, ba a kuma raba riba a cikinsa. Shi ya sa za ku ga haruffan LBG a ƙarshen sunayen irin waɗannan ƙungiyoyi. Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, "Kamfani? Alhaji, mu me muke sayarwa?" Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, riga ce kawai doka ta ɗinka, masallaci ma da coci ita suke sawa." Ƙofa ta biyu sakatariyar da ke kula da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, a Ankara, babban birninmu nake nufi ba ta Turkiyya ba, a lokacin tana ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da mata da yara da marasa galihu. Ita ke ba da lasisin da ake sabuntawa duk shekara, aikin da a da sashen jin daɗin jama'a ke yi. Ta uku hukumar haraji, GRA.

A ƙofar farko aikinsu ya yi kyau ƙwarai. Doka na son daraktoci aƙalla biyu, da sakatare, da wasiƙar odita mai lasisi cewa ya yarda zai riƙa duba lissafinku. Kowa ya kawo Katin Ghana, wanda lambarsa ta zama lambar haraji tun Afrilun 2021, da adireshin GhanaPost na gidansa. Duk ɗan Zongo ya san ciwon da ke nan: sunan da liman ya raɗa Ramatu, a makaranta a rubuta Rahamatu, a asibiti ya koma Lamatu. Sunan ma'ajiyarmu kala uku ne a katuna uku. Yarinyar nan mai buga takardu ita ta gano tun kafin a kai fayil ko'ina, ta tura mu wurin kwamishinan rantsuwa aka yi takardar shaidar cewa mutum ɗaya ce. Da mu kaɗai muka je, da an dawo da mu gida daga bakin kanta.

Akwai wani fom da ya ba mu dariya, na bayyana ainihin masu cin moriyar kamfani. Hajiya ta ce a rubuta marayu, ai su ke ci. Mai ofishin ya ce a'a, abin da ake tambaya shi ne wa ke juya akalar ƙungiyar a bayan fage. Ya yi mana bayanin cewa a Oktoban 2018 hukumar duniya mai sa ido kan safarar kuɗin haram, FATF, ta sa Ghana a jerin ƙasashen da ake zuba wa ido, ba a cire ta ba sai Yunin 2021, kuma ƙungiyoyin agaji na cikin wuraren da aka ce a ɗaure. Daga nan na fahimci abin da ya sa ake ta tambayar daga ina kuɗi suka fito, ina za su. Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba, ganin tsofaffin mata masu tara sidi biyar-biyar ana yi musu tambayar da ta dace da masu jiragen ruwa. Amma gara da aka gaya mana dalili.

Yanzu ga ɗacin farko. Tsarin mulkin ƙungiya da suka buga mana shafi 18 ne da Turancin lauyoyi. Muka sa hannu ba mu karanta ba, wannan laifinmu ne, na ɗauka. Sai da dare ɗaya wuta ta ɗauke, na rasa abin yi, na kunna fitila na buɗe shi. A cikin manufofinmu na tarar da haƙa rijiyoyin burtsatse da koyar da kiwon katantanwa. A shafi na 11 kuma an ce babban fasto ne zai shugabanci taro idan shugaba ba ya nan. Ashe na wata ƙungiya suka kwafo, suka canza suna a sama, suka manta da ciki. Da na kai masa, bai yi gardama ba, amma bai ce a yi haƙuri ba. Ya ce tunda an riga an shigar, gyara sai an kira taron mambobi an zartar da ƙuduri na musamman an sake biyan hukuma. To wannan mun ji. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ya sake neman ladan aiki a kan ɓarnar da ofishinsa ya yi. Bayan doguwar magana muka biya rabi. Har yau ina ganin ko wannan rabin bai halatta gare shi ba.

Kafin a kai takardu Ankara dole jami'in jin daɗin jama'a na asambilinku, wato ƙaramar hukumarku, ya zo ya gan ku da idonsa ya rubuta rahoto, asambilin kuma ta ba da wasiƙar amincewa. Mu Aboabo ƙarƙashin Asokore Mampong muke tun da aka yanke ta daga Kumasi a 2012. Wasu cikinmu suka kawo shawarar a ari shagon wani tela a share, a kafa allo, a ce ofis ne. Mai ofishin ya hana. Ya ce, "Malama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku nuna musu ɗakin Hajiya yadda yake, amma littattafanku su zama tsaf." Wannan shawara kaɗai ta kai wani kaso na kuɗin da muka biya.

Littattafan namu kuwa, Allah ya rufa asiri. Littafin rubutu ne na 'yan firamare guda huɗu, ɗaya miya ta taɓa shi. Kuɗin susu da zakka da sadaka da tarar makara duk a shafi ɗaya, wani wurin da boko, wani wurin da ajami, wani wurin zane ne kawai da ma'ajiya ita kaɗai ta san ma'anarsa. Yarinyar ofishin ta zo Aboabo Asabar uku a jere, ta zauna a tabarma da mu, ta ci waken Hajiya, ta raba mana komai gida-gida: abin da ya shigo, abin da ya fita, na wa, don me, ina rasit. Ba ta taɓa ɗaga murya ba, ko da ma'ajiya ta ce mata ita tun kafin a haife ta take riƙe kuɗin mutane. A Asabar ta biyu lissafi ya ƙi haɗuwa da sidi 640. Ɗaki ya yi tsit. Ma'ajiya ta fara share ido da gefen mayafi, mace ce da ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Sai can wata tsohuwa a bakin ƙofa ta ce, ai ni aka ba, shekarar da aka kwantar da jikana a Gee (babban asibitin Kumasi), Hajiya ce ta ce a ba ni, ba a rubuta ba. Hajiya ta yi salati ta ce wallahi haka ne, ta manta. Sannan ta ce, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, mu muna karantawa kullum, sai da 'yar Asante ta zo ta tuna mana. Daga ranar ko kuɗin ruwan leda sai an rubuta.

Maganar rasit ta so ta raba mu da wani Alhaji mai fataucin goro da ke ba mu buhun shinkafa biyar duk azumi. Ya ce shi tsakaninsa da Ubangijinsa ne, in za a rubuta sunansa to ya fasa. Yarinyar ce ta warware: sunansa ya zauna a littafin da odita kaɗai ke gani, a rahoton da ke fita waje a rubuta wani bawan Allah. Ya yarda, da sharaɗin kada a gaishe shi a kan zancen a bainar jama'a.

Da jami'ar ta zo ba ta wuce awa biyu ba. Ta duba bayanan taro, ta duba jerin yara, ta ce a kai ta gida biyu ta ga iyayen. Tambayar da ta fi nanatawa ita ce ko yaran a wurinmu suke kwana, domin gidan marayu na kwana izininsa daban ne a ƙarƙashin dokar yara ta 1998. Muka ce a'a, kowane yana hannun uwarsa ko kakarsa. Ta rubuta, ta sha fura, ta tafi.

Daga nan aka shiga jira. An ce mana mako shida komai ya kammala, sai da muka yi wata tara. Duk kiran da na yi amsa ɗaya ce, Malama, yana Ankara, kin san aikin gwamnati. Na yi ta zagin gwamnati a zuci ashe ban san hawa ba ban san sauka ba. Wata rana na hau benen ba sanarwa, mai ofishin ya fita, yaron aike ya buɗe durowa yana neman wani abu, sai ga koren fayil ɗinmu da igiyar da ni na ɗaure shi da ita. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce Oga na jira fayiloli su taru ne, don tafiya ɗaya ta ɗauke duka. Na gane lissafinsa, daga tashar Asafo zuwa Ankara wuni ne a mota, ga kuɗin kwana. Amma da ya faɗa mana da mun biya kuɗin motar da kanmu. Wata uku fayil na barci a Adum, ɗan Hajiya na can yana jin kunyar mutanen da ya tara. Bayan na yi masa tatas a waya, a makon ya tafi.

Babban abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne romon bakan da aka yi mana a ranar farko. Ya ce da zarar lasisi ya fito ƙofofi za su buɗe da kansu: ga Asusun Raya Zongo, ga kuɗin asambili, ga ofisoshin jakadanci na Turawa suna neman ƙungiyoyin mata Musulmi ido rufe. Bai ce ga rana ga wata ba, wayo gare shi, amma Hajiya ta sauko daga benen nan tana lissafin ajujuwan da za mu gina.

Ga abin da na gano da ƙafata. Asusun Raya Zongo gaskiya ne akwai shi, dokar 2017 ce ta kafa shi, kuma an ga ajujuwa da filayen ƙwallo da ya yi a unguwanni. Kuɗin bai-ɗaya na asambiloli ma gaskiya ne, tsarin mulkin 1992 ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Amma ba inda aka rubuta cewa mai lasisi na da kaso a cikinsu. Asambili na da nata tsarin ayyuka da ta riga ta jera, kwalbati da makaranta da kasuwa. Abin da lasisi ke cewa kawai shi ne hukuma ta san ku, ta ga inda kuke, ba ta ga abin zargi ba. Mai ba da kuɗi kuma zai sake yi muku tasa tantancewar daga farko, ta fi ta gwamnati tsanani.

Mun gwada sau ɗaya a 2024, wani shirin tallafi da kuɗin gwamnatin wata ƙasar Turai. Lasisi shi ne layin farko a jerin abin da suke so, layin da ya fi sauƙi. Bayansa rahoton odita na shekara biyu a jere, rubutacciyar ƙa'idar kare yara daga cin zarafi, ƙa'idar sayen kaya, shaidar cewa mun taɓa riƙe tallafin wani mun yi bayaninsa. Mu rahoton shekara ɗaya gare mu. Ko zagaye na biyu ba mu kai ba. Da na koma masa da wasiƙar, sai ya ce matsalar rubutu ce, ya rubuta mana takardar neman tallafi da kansa, in kuɗi sun fito ya ɗauki kashi goma. Na ce, Alhaji, kashi goman nan a wane shafi zan rubuta shi? Kasafin da za mu miƙa ba shi da gurbin ɗan kamasho, sai dai in ƙirƙiro rasit na ƙarya, a cikin littafin da yarinyar ofishinka ta sha wahalar gyara mana. Ya yi shiru, ya ce in yi tunani. Na yi, ban koma ba.

Sai kuma ga 2025. A Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, fadar shugaban ƙasarmu ta ce giɓin da hakan ya bar wa Ghana ya kai dala miliyan 156, wajen rabinsa a fannin lafiya. Manyan ƙungiyoyi masu motoci da akantoci suka dawo suna rububin ƙananan kuɗin da a da ba sa waiwaya. Wannan ba laifin mutumin Adum ba ne. Laifinsa shi ne har yanzu, kamar yadda na ji daga wadda ta je bayanmu, waƙar da ya rera mana ita yake rera wa sababbin zuwa.

Abu na ƙarshe da bai faɗa ba sai da muka shiga: takarda ciyar da ita ake yi. Duk shekara a sabunta lasisi da rahoton ayyuka da na odita, duk shekara a kai bayanin shekara ga magatakardan kamfanoni, in an makara akwai tara. Kuɗin odita kaɗai ya ɗinka wa yara goma sha yunifom. Ƙofa ta uku ma, ta haraji, ashe ba ta cikin sidi 3,500 ɗin. Rajista ba ta yafe haraji da kanta, sai an nemi shugaban GRA ya amince da ku a matsayin ƙungiyar agaji bisa dokar harajin 2015, mu har yanzu muna kan wannan hanya.

To riba fa? An buɗe mana asusu mai sa hannun mutum biyu, kuɗin Hambug sun shigo, da su muka kai yara bakwai makarantar kwana da kayansu cif. Asambili kan aiko mana da takardar gayyata idan za a yi taron da ya shafi yara, muna zuwa muna magana. Kuma yau kowace mamba za ta iya buɗe littafi ta ga inda sidinta biyar ya kwana.

Ga Yayata ta Sawaba da sauran masu tambaya: in ƙungiyarku da aljihun mambobi take rayuwa, ba wani na waje da ke jiran lambar asusu, ku fara zuwa ofishin jin daɗin jama'a na asambilinku ku tambayi abin da ya dace da girmanku, tambaya ba a biya. In kuwa rajistar ta zama dole, ofishin nan ya iya ƙofar farko, kuma in kun yi sa'a yarinyar tana nan, ku roƙa a turo muku ita. Amma a rubuta yarjejeniya: me ke cikin kuɗin, ranar da fayil zai bar Kumasi, wa zai biya in kuskure nasu ne. A samu mai Turanci ya karanta muku tsarin mulkin layi-layi kafin kowa ya dangwala. Zancen kuɗin gwamnati kuma in ya ɗauko, ku ce masa ya kira sunan ƙungiya ɗaya da ya yi wa takarda ta samu, ku je ku tambaye su.

Sabuntawar bana da kanmu muka yi, ni da ma'ajiya, motar asuba muka shiga muka dawo da dare ƙafafu a kumbure. Kuɗin oditan baɗi kuma tun yanzu muke tarawa, sidi biyu a kan kowace mace duk Juma'a, a cikin gwangwanin Milo da Hajiya ta rubuta wa suna da ajami don kada a haɗa shi da na marayu.